Cadawa Ba Kan Hanyata Take Ba

Mutum ba ya sanin yawan abin da ya tara a zaman gudun hijira sai ranar da ya tashi kwashewa. Mun tsallako Nijar a 2019 daga wani ƙauye na ƙasar Sabon Birni, da tufafin jikinmu da buhu guda da uwargidana ta cusa wa abin da hannunta ya taɓa cikin duhu. Da kakar 2024 ta zo na yanke shawarar komawa, sai ga awaki, ga kwanon rufi, ga tukwane da tabarmi, ga bashin mai tireda, ga gonar aro da za a mayar wa mai ita, ga ƙananan yara da ba su san wani gida ba sai nan.

Hukuma ba ta son a ce wa wurin da aka zaunar da mu sansani, kuma da gaskiyarta. Lokacin da 'yan bindiga suka watsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutanen bakin iyaka na yankin Gidan Rumji ne suka fara karɓarmu a zaurukansu da rumfunansu, suka buɗe mana rumbunansu tun kafin wata mota mai tuta ta iso. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar ake ce wa HCR, ta ƙirga mu sama da 40,000. Da aka ga maharan na iya biyo mu har can, sai aka fara kwashe mutane zuwa cikin ƙasa, aka zaunar da mu gefen garuruwan da suke da mutanensu tun asali, irin su Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. Ba shinge, ba ƙofa. Famfonmu ɗaya da masu gari, asibitinmu ɗaya, makarantar yaranmu ɗaya. Amma mu da muka kwana ƙarƙashin tamfol, muka dangwala yatsa aka ba mu kati, muka haddace ranar rabo, a bakinmu sansani ne.

Ba don gida ya yi lafiya na tashi komawa ba. A watan Agusta na shekarar ne labari ya iso mana cewa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, kuma a ƙauyenmu sai an biya 'yan bindiga haraji ake shiga gona. Sai dai ƙanena ya samu rumfa a cikin garin Sabon Birni, ya aiko in zo mu haɗa hannu. Iyaka kuma an buɗe ta tun watan Maris, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023. Na gaji da zaman jira, na ce ko me za a yi a yi mini shi a ƙasar da aka binne iyayena.

Al'adarmu ce wanda zai yi tafiya mai nisa ya bi gida-gida yana sallama yana neman gafara. Na bi maƙwabtan da muka gudo tare, na bi liman, na bi mai tireda na biya shi bashinsa da kuɗin awaki. Na ƙarshe shi ne dattijon da ya ba ni aron gona duk tsawon zamana, bai taɓa yanka mini ko dami ɗaya ba, sai abin da na kai masa don kaina. Na durƙusa na yi masa godiya. Ya ce, "Alhaji, mun yafe, kai ma ka yafe muna. To mutanen Cadawa fa, ka yi musu sallama?"

Gabana ya faɗi, don ban taɓa ambata masa Cadawa ba. Ashe uwargidana ta daɗe da gaya wa matarsa abin da ke cin ta. Na ce, "Baba, ai Cadawa ba kan hanyata take ba." Kuma ban yi ƙarya ba. Cadawa tana gabas da Maraɗi, kan babbar hanyar da ke zuwa Agye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, ni kuwa yamma na nufa, in bi Madawa da Ƙonni in shiga ta Illela. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Hanya ai ƙafa ke yin ta." Bai ƙara komai ba.

Mahaifiyata 'yar Cadawa ce. Aure ya kai ta ƙasar Sabon Birni, a zamanin da mutum zai ɗaura wa jaki kaya ya tsallaka ba wanda ya tambaye shi takarda. Da aka zo yaye ni can aka kai ni, hannun yayarta, wadda na tashi ina ce wa Inna. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta riƙe ni har na isa shiga makarantar allo, kuma ko bayan an mayar da ni gida, duk rani can nake yin sa. Ita ta koya mini cin tuwo da hannun dama. Wansu, Kawu, shi ya fara ɗora ni kan jaki. Mahaifiyata ta rasu a 2003, igiyar zumuncin ta rage a hannuna, ni ne babba.

A lokacin Allah ya buɗa mini. Hatsi nake saye ina ajiyewa, in ya yi kuɗi in loda zuwa Dawanau a Kano. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a Nijar, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Da kaka muka tura yaranmu kasuwannin ƙasar Maraɗi suna saye daga hannun manoman da bashi ya matsa wa, muka cika sito. Kafin daminar 2005 ta yi nisa buhun gero ya doshi jika 30 ta sefa. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Maraɗi, wadda ta yi suna da noman hatsi, ita ta cika da uwaye riƙe da yara masu tamowa a ƙofar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF. Duniya ta gani a talabijin. Ni ina jin labarin a rediyo ina lissafin riba.

Cikin wannan damina Kawu ya zo mini kasuwa. Na hango shi tun daga nesa, ya rame, rigarsa ta koɗe. Abokan cinikina suna zaune, manyan mutane a idona. Na gaishe shi a tsaye, na nuna masa benci a waje, na ce ya ɗan jira. Daga hantsi ya zauna har aka kira la'asar. Da ya matso ya ce yana da magana, sai na ce, yadda kowa zai ji, "Ku mutanen Faranshi kullum cikin yunwa kuke." Aka yi dariya. Na sa yaron shago ya auna masa 'yan tiyoyi ya ba shi kuɗin mota. Ban kai shi gida ba, ban ba shi ruwa ba, ban ji maganar da ta kawo shi ba. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya tafi. Daga ranar ban ƙara taka Cadawa ba, su ma ba su ƙara zuwa ba. Na gaya wa kaina cewa harkoki ne suka yi yawa.

Sai ga shi ni ne na kwana a ƙasar Faranshin, ba ko tiya ɗaya. Shagon an ƙone shi, shanun an kora, abin da ya saura ya tafi wajen fansar wani ɗan'uwa. Tun daren farko uwargidana ta ce, "Maigida, ba nan ƙasar su Inna take ba? Mu je can mana." Na daka mata tsawa. Duk kaka sai ta sake tayar da maganar, duk kaka in kawo sabon dalili. Yau babu kuɗin mota, gobe kada a zo rabo ba mu nan, jibi annobar korona ta hana tafiya. Har wani mai fataucin aya da ke cin kasuwarmu ya taɓa tsayar da ni ya ce wani tsoho a Cadawa yana cigiyar ɗan ƙanwarsa, ya kwatanta ni sak. Na ce masa, "In ka koma ka ce ba ka same ni ba."

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Shekara da shekaru ina shiga layi da buhu a hammata, yaro sa'an ɗana yana kiran lambata, ban ji hakan ya fi ƙarfina ba. Amma in yi tafiyar da ba ta kai rabin yini ba in tsaya gaban wan mahaifiyata, wannan na kasa. Na riƙa ce wa abin kunya, na riƙa ce masa kare mutunci. Ba ko ɗaya. Ma'aikacin agaji bai san ni da sito ba, bai san me na faɗa a kasuwa ba, hannu kawai yake gani ya zuba. Kawu kuwa ya san ni. In na je wurinsa dole in tsaya a inda na tsayar da shi, kuma na san ba zai nuna mini benci ba, tabarmarsa zai ba ni, wannan ne kuma abin da raina ya ƙi. Girman kan da na yi ina da dukiya bai ƙone tare da shagon ba. Ya biyo ni har cikin tamfol, na ci gaba da ciyar da shi da haƙƙin matata da 'ya'yana. Na san da yawa cikinmu suna da irin wannan gida da suke kewaye wa, suna cewa ba kan hanya yake ba.

Maganar dattijon nan ta hana ni barci. Da asuba na ce wa uwargidana ta shirya yara, gabas za mu fara yi. Ba ta ce komai ba, sai na ga tana share ido da gefen mayafi.

Motar ta bi da mu ta Tsibiri. Ban taɓa wucewa ta nan da irin tunanin ranar ba. Gobirawan da suka sha kashi a Gawakuke a 1836, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, su ne suka taru suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Sabon Birnin da nake taƙama da shi, daga Tsibirin nan Ɗan Halima ya ɓalle ya je ya kafa shi. Maraɗi kuma, da muka sauka a tasharta muka canja mota, sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka mayar da ita birni. Duk wannan ya faru tun kafin Ingila da Faransa su zauna su ja layi tsakaninmu a farkon ƙarnin da ya wuce. Ƙasar nan ta saba karɓar wanda aka koro daga kudu. Mu ne muka manta, muka ɗauki naira da man fetur muka mayar da su asali.

Nairar ma ta ba mu baya. A 2005 jika ɗaya ta sefa ba ta kai naira 300 ba. Ranar da nake cikin motar nan ta haura naira 2,500.

Daga Maraɗi zuwa Cadawa tafiya ce 'yar kaɗan, amma na kusa kasa gane ƙasar. Abin da na sani ina yaro, bayan farin 1984, fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka. Yanzu gonaki cike suke da itace: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Sassaben zamani suke ce masa. A ƙasar Maraɗi aka fara shi cikin shekarun 1980, ƙauyuka irin su Dan Saga na yankin Agye suka yi suna da shi har da kwamitin tsaron itace, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Mutanen da na ce kullum cikin yunwa suke, wannan aikin suke yi a shekarun da nake ganin babu abin da zan koya a wurinsu.

Mun iso ana tsakiyar haƙar aya. Ko'ina ƙura ta tashi, maza da mata da yara sun yi fari fat, an ƙone ganyen, ana kwarzar ƙasa ana tankaɗewa da manyan rariya. Aya ita ce kuɗin mutanen Cadawa da Agye da Gazawa, daga nan ake lodinta zuwa Najeriya inda muke shan kununta ba mu tambayi daga ina ta fito ba. A mararrabar da hanyar Mayahi ta rabu muka sauka. Ƙafata ba ta ɓata ba, ita ta kai ni ƙofar gidan.

Kawu yana zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Na yi sallama. Ya amsa, ya karkata kai, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Ɗan ƙanwata ne." Ya miƙo hannu biyu. Na zube gabansa, duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Ya riƙa shafa kaina yana cewa, "Sannu da hanya, sannu da wuya, ya ɗiya, ya iyali?" Aka shigar da uwargidana da yara cikin gida, aka kawo fura, aka kama zakara. Taubasaina suka zo ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ni. Da ladabi suka gaishe ni, irin wanda ake yi wa baƙo. Wanda ya san wasan taubasai ya san me ake nufi in ɗan kawunka ya ce maka "ranka ya daɗe" bai tsokane ka ba.

Na ce, "Kawu, ina Inna? In shiga in gaishe ta."

Zauren ya yi tsit. Ya ce, "Innarka ta riga mu gidan gaskiya, damina biyu ke nan." Na ce ban ji ba. Ya ce, "Wa za mu aika wa? Ka ce ba a same ka ba."

Ashe saƙona ya iso yadda na faɗe shi, har da cewa ni na faɗa. Matan gidan suka gaya wa uwargidana cewa duk kaka Inna takan ware gyaɗa da aya a ƙwarya ta rufe, ta ce na yaronta ne, bana zai zo. A ciwon ajalinta ta yi ta tambaya ko an ji motar yamma. Ina can, nisan da mai babur zai je ya dawo kafin azahar, ina kare mutunci.

Bayan isha'i ya sallami kowa, muka rage mu biyu. Na ce, "Kawu, na zo neman gafara kan abin da na yi maka a kasuwa." Ya ce, "Wanga zance na yahe shi tun ban kai Tsibiri ba. Yaro ne kai, kuɗi na maka kuwwa a kunne." Sannan ya ba ni labarin da ban sani ba. Da ya ji a rediyo an afka wa ƙauyukan Sabon Birni, ya sayar da rago ya hau mota zuwa Gidan Rumji, ya ɗauki ɗan kabu-kabu suka bi ƙauyukan bakin iyaka yana tambaya. Bai same mu ba. Da mai fataucin aya ya kawo masa amsata, bai yi fushi ba, ya ce bari ya je da kansa. Ya iso ranar rabo. Ya tsaya gindin wata bedi ya hango ni cikin layi, na ja rawani na rufe rabin fuska.

Ya ce, "Na ga kana ɓoye huska ga mutanen da ba su san ka ba. Na ce, to ni da na san ka fa? In na matso na kashe ka da kunya. Sai na koma, na ce ranar da ya iya, shi zo da ƙafarshi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Abin da ban gama yahewa ba shi ne tsohuwar nan da ka bari tana jira. Wannan ba nawa ba ne balle in yahe. Ka yi ta yi mata addu'a."

Na ɗauka iyakar abin da zan ji ke nan. Washegari babban taubashina ya ce in zo mu zaga daji. Ya kai ni kabarin Inna, muka yi addu'a. Daga nan ya bi da ni wata gona mai gawo manya, karan gero a tsaye, an riga an yi girbi. Ya ce, "Ka san gonar wa ce wannan?" Na ce ta Kawu. Ya ce a'a, rabon mahaifiyata ne na gadon kakanmu. Tun da aka raba, Kawu ke noma ta, yana gyara itacenta, bai yarda kowa ya kira ta da sunansa ba. Sannan ya nuna mini wata can gefe, wadda 'yan ƙwadago ke tankaɗar aya a ciki, ta ninka wannan girma. Ya ce, "Waccan ce tamu, a da."

A shekarar yunwar, in ji shi, gidan ya kai ga cin tafasa da ganyen jiga. Masu kuɗi na karɓar jinginar gona da 'yan buhuna. Aka ba Kawu shawara ya jinginar da ta ƙanwarsa, tunda ta rasu kuma 'ya'yanta suna Najeriya cikin wadata, ba su ma san da ita ba. Ya ce sai ya tambayi mai ita. Abin da ya kai shi Sabon Birni ke nan. Ya je ya gaya mini ina da gona a Cadawa, ya roƙi ko dai in ranta masa hatsi zuwa kaka, ko in ba shi izini ya jinginar da ita. Maganar da ya ce yana da ita ke nan, wadda ban bari ya faɗa ba. Da ya dawo da 'yan tiyoyin nan, sai ya jinginar da tasa. Bai iya fansarta ba. Ta wuce hannu zuwa hannu har ta faɗa wurin wani attajiri. A ƙasar da mutane suka yi yawa, gona ta yi kaɗan, ba a ko barin saura, wanda ya rasa gona ya rasa ta ke nan. 'Ya'yan Kawu biyu ƙwadago suke yi a gonar ubansu, wani yana Agadas, wani ya tsallaka Libiya ba a jin ɗuriyarsa sosai.

Ya faɗi wannan duka ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba ya hana a gaya maka. Ni na ga ya kamata ka sani."

Na zauna a ƙasa, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Shekara goma sha tara ina ɗauke da abin nan a matsayin magana mara daɗi da ta kuɓuce mini, wadda za a wanke da "yi haƙuri". Ban taɓa tambayar kaina me ya faru da mutumin bayan ya juya baya ba. Buhu biyu ko uku ne za su tsare gonar nan, a lokacin da nake da ɗaruruwa a sito, wasunsu ma watakila daga kasuwar Cadawa aka auno su. Wanda ya wulaƙanta mabuƙaci yana ganin abin ya ƙare a inda aka yi shi, don shi a nan ya bar shi. Mabuƙacin ne ke ɗaukarsa ya kai gida, a ci shi tare da iyali, a bar wa 'ya'ya gado. Kuma mutumin da na jawo wa wannan asara shi ne ya tsare mini tawa gonar, ya bi ƙauyuka yana nemana, ya hango ni cikin layi ya juya don kada in ji kunya. Duk shekarun da na yi ina noma gonar aro ina jiran ranar rabo, ga ƙasar mahaifiyata nan tana jirana da itacenta.

Da muka koma na ce wa Kawu na bar masa gonar halak malak. Ya ƙi. Ya ce ba tawa ce ni kaɗai ba, akwai ƙanena da ƙannena mata, kuma ba a biyan bashi da gadon marayu ko da sun yi furfura. Na fito da abin da ya rage na kuɗin awaki, ya ce in mayar aljihu, mai komawa kango ya fi shi buƙata. Na rasa abin da zan ba shi. Ya ce, "In kana son ka ba ni wani abu, ba ni yaro."

Babban ɗana ya kai munzali, ya yi makaranta a sansani har yana jin Faransanci, kuma dama zuciyata ba ta kwanta da in kai saurayi inda 'yan bindiga ke neman irinsa ba. Na tambaye shi, ya ce zai zauna. Uwarsa ta yi kuka ta kuma yarda. Aka yi shawara zai noma gonar kakarsa tare da taubasaina, amfanin ya shiga rumbun gidan, ya kuma riƙa jan Kawu zuwa masallaci. Mun ƙara kwanaki fiye da yadda na yi niyya. Na shiga haƙar aya tare da su har tafin hannuna ya fashe. Ana gobe za mu tafi ƙaramin taubashina ya fara tsokanata a gaban mutane, babban kuwa bai yi ba har muka rabu, ban kuma ga laifinsa ba.

Aka cika mana buhu da gero da aya da wake. Muka koma ta Maraɗi, muka sake wuce Tsibiri da Gidan Rumji, muka kwana a Ƙonni, muka shiga ta Illela. Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a har muka isa. Garin ya cika da mutanen ƙauyuka, ana kwana a makarantu da kangaye. Ƙauyenmu har yau ban kwana a cikinsa ba.

A daren da na isa na tara ƙannena na gaya musu komai, har da maganar da na faɗa a kasuwa, wadda ba wanda ya sani cikinsu. Ƙanwata ta ce ashe shi ya sa aka daina zuwa, ita ta ɗauka su ne suka yar da mu. Muka yi shawara cewa duk abin da rumfar ta kawo za a riƙa cire wani abu a ajiye, har ya isa a saya wa 'ya'yan Kawu gona ko da ba ta kai waccan ba. Duk Juma'a nakan kira, layin Nijar yana kamawa a wajenmu, yaron ya kara wa Kawu wayar a kunne. Kuɗin muna tara su da naira, gonar kuwa da sefa za a saye ta, ƙasa kuma kullum ƙara tsada take a Cadawa. Har yanzu ba mu kai rabi ba.